Andre the Giant: Basamuden Resilin da Girmansa Ya Zama Cutarsa

A shafin tarihi na wannan fitowa mun kawo muku rayuwar wani ɗan kokawar Turawa, wadda muka fi sani da resilin. Da yawa daga cikinmu mun san John Cena da Undertaker da Roman Reigns, domin muna ganinsu a gidan kallo ko a wayar yayyenmu. To, kafin dukkansu an yi wani mutum da duniya ta yi shekara fiye da 20 tana tururuwar zuwa kallonsa. Sunansa na yanka Andre Rene Roussimoff, amma an fi saninsa da Andre the Giant, wato Andre ƙato, irin wanda mu Hausawa za mu kira Basamude. Ya rasu tun 1993, lokacin da wasu daga cikin malamanmu ko firamare ba su shiga ba.

Mun zaɓe shi ne saboda gardamar nan da ba ta ƙarewa a ajujuwanmu, cewa resilin gaskiya ne ko ƙarya. Rayuwar Andre ta nuna cewa kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Wanda zai ci da wanda za a kayar, tun kafin a hau dandali ake tsara su. Amma ciwon da ke jikin ɗan wasa babu wanda yake tsara masa shi, kuma shi kaɗai yake kwana da abinsa.

Yarintarsa

An haifi Andre ranar 19 ga Mayu, 1946, a garin Coulommiers da ke gabas da birnin Paris a ƙasar Faransa. Ya tashi a wani ƙauye mai suna Molien. Mahaifinsa Boris mutumin Bulgeriya ne, mahaifiyarsa kuma asalinta daga Poland. Manoma ne, kuma su biyar suka haifa, Andre ne na uku. Tun yana ƙarami ya fi sa'o'insa tsawo, hannayensa ma sun fi na kowa girma. An ruwaito cewa yana ɗan shekara 12 tsawonsa ya kai santimita 191. Ku kwatanta, kamar ɗan aji ɗaya a makarantarmu ne ya fi duk malamai tsawo.

A yankin nasu akwai wani shahararren marubucin wasan kwaikwayo ɗan ƙasar Ireland mai suna Samuel Beckett, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel a 1969. Yana cikin manyan da kan rage wa yaran ƙauyen hanya a mota zuwa makaranta, kuma Andre na cikin yaran da ya taɓa ɗauka. A lokacin babu wanda ya san cewa direban da fasinjan duka za su yi suna a duniya.

Andre ya bar makaranta yana ɗan shekara 14. Ya yi noma a gonar mahaifinsa, ya koyi aikin kafinta, sannan ya yi aiki a wata masana'anta. Da ya kai shekara 18 sai ya tafi Paris. Da rana yana dakon kayan masu tashi daga gida zuwa gida, da dare kuma yana koyon resilin a wurin masu shirya wasa da suka ga cewa girman nan nasa zai jawo 'yan kallo. Daga cikin sunayen wasansa na farko akwai Jean Ferre, wanda aka samo daga sunan wani ƙaton jarumi a labaran gargajiyar Faransa. A 1966 ya haɗu da Frank Valois, ɗan resilin daga Kanada, wanda ya zama mai kula da harkokinsa kuma ya fara fita da shi ƙasashen waje.

Yadda resilin yake

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu bayyana sana'ar da ya shiga. A kokawarmu ta gargajiya babu wanda ya san mai nasara sai an gama, domin ƙarfi da dabara ke raba gardama. Resilin ya fi kama da fim da ake yi a gaban jama'a. Kamfani ke tsara labarin. Akwai jarumi da ake so a yi wa tafi, akwai bos da ake so a yi wa ihu. Ana ƙulla gaba a tsakaninsu a talabijin na tsawon makonni ko watanni, har mutane su ƙagu su ga ranar haɗuwa, su sayi tikiti. Ana cin wasa idan aka danne kafaɗun mutum a ƙasa alƙalin wasa ya ƙirga uku, ko kuma mutum ya sallama da kansa.

Sai dai faɗuwar da ake yi ta gaske ce. Dandalin katako ne a kan ƙarfe, an shimfiɗa masa katifa marar kauri da tamfol. 'Yan wasan suna ɗaukar dogon lokaci suna koyon yadda ake faɗuwa da yadda ake ɗaga mutum ba tare da an karya shi ba. Duk wanda za a ɗaga yana taimaka wa mai ɗaga shi. Ku riƙe wannan, domin za mu dawo kansa.

Labarin da likita ya ba shi

A 1970 Andre ya je wasa Japan, inda aka sa masa suna Monster Roussimoff. A can ne likitoci suka fara sanar da shi cewa girman nasa cuta ce, sunanta akromegali. A ƙasan ƙwaƙwalwar kowane mutum akwai wata 'yar halitta da ba ta wuce girman ƙwayar wake ba, ita ke fitar da sinadarin da ke sa yaro ya girma. Idan ƙari ya fito a jikinta, sai ta yi ta fitar da sinadarin fiye da ƙima. Yaro ya yi tsawon da ya wuce misali, kuma ko bayan tsawon ya tsaya, hannaye da ƙafafu da haɓa da goshi su ci gaba da kauri. Zuciya ma takan kumbura ta gaji, gaɓoɓi da ƙashin baya su kasa ɗaukar nauyin jiki.

Ke nan tun bai kai shekara 25 ba ya san cewa abin da mutane ke biyan kuɗi su kalla shi ne abin da ke cin jikinsa. An ruwaito cewa daga baya an ba shi shawarar a yi masa aiki, bai yarda ba. Ya ci gaba da sana'arsa da jikin da aka san shi da shi.

Zamansa tauraro

A 1971 ya koma birnin Montreal na Kanada. Da farko zauren wasa cika yake yi maƙil. Amma da aka yi ta ganinsa kullum, kuma babu wanda ake ganin zai iya kayar da shi, sai 'yan kallo suka fara raguwa. A nan ne aka nemi shawarar Vincent J. McMahon, mai kamfanin WWWF na New York, wanda shi ne ya zama WWF, ya kuma zama WWE a yau. Shi ne mahaifin Vince McMahon da muka sani.

A 1973 McMahon ya sa masa suna Andre the Giant, ya kuma kawo dabaru biyu. Ta farko, ya hana shi yawan tsalle-tsalle. A ƙuruciyarsa Andre yana iya tashi sama ya doki mutum da ƙafa biyu, amma McMahon ya fi son a gan shi kamar dutsen da ba ya motsi. Ta biyu, a wancan zamani an rarraba harkar resilin ta Amurka yanki-yanki, kowane yanki da mai shirya wasansa. Sai McMahon ya riƙa ba da hayar Andre. Ya yi 'yan kwanaki a wannan gari, kafin a gaji da shi ya wuce gaba. Ta haka duk inda ya sauka baƙo ne, kuma kowa yana son ya gani da idonsa, tunda gani ya kori ji.

Kamfanin ya riƙa tallata shi da cewa tsawonsa ƙafa 7 da inci 4 ne, wato santimita 224, nauyinsa kuma kilo 236. Wannan nauyi ya kusa buhun siminti biyar. Masu tallar resilin sun saba ƙara gishiri a awo, amma ko an rage, ƙofar ajinmu sai ya sunkuya zai shige ta. Akwai hotonsa riƙe da gwangwanin abin sha, gwangwanin ya kusa ɓacewa a tafin hannunsa. Aka yi masa laƙabi da abin al'ajabi na takwas a duniya. Ya yi wasa a Amurka da Kanada da Mekziko da Japan da Ostareliya da Turai. A watan Yuni na 1976 ya kara da ɗan damben zamani Chuck Wepner a filin Shea da ke New York, ya ɗaga shi ya jefa shi waje ta saman igiya. A wannan shekarar ma ya fito a shirin talabijin na The Six Million Dollar Man a matsayin wani dodon daji.

Ga misalin da ya fi nuna yadda ake haɗa gaskiya da tsari. A 1981 Andre ya karye a idon sawu yana saukowa daga gado. Maimakon a faɗi haka, sai kamfani ya sanar cewa wani bos mai suna Killer Khan ne ya diro masa a kai ya karya shi. Killer Khan ɗan Japan ne, amma ana nuna shi a matsayin mutumin Mongoliya. 'Yan kallo suka fusata, suka yi ta jiran ramuwa. Da Andre ya warke aka haɗa su a Philadelphia a watan Nuwamba, ya ci wasan, aka fitar da Khan a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Karayar ta gaske ce, labarin da aka ɗora mata ne na ƙirƙira.

Rayuwarsa a bayan fage

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duniyar da muke ciki ba a gina ta don mutum irin Andre ba. Kujerar jirgin sama ɗaya ba ta isarsa, ban ɗakin jirgi ba ya ɗaukarsa, gadon otal ya yi masa kaɗan, kaya da takalmi sai an ɗinka masa na musamman. Ga shi mafi yawan kwanakin shekara yana kan hanya. Duk inda ya shiga ana nuna shi da yatsa, wasu suna dariya, yara suna gudu. Sauran 'yan wasa in sun cire kayan wasa sai su saje da jama'a a kasuwa. Shi kuwa babu inda zai ɓuya.

Abokan aikinsa sun shaide shi da kyauta. In aka fita cin abinci ba ya yarda wani ya biya. Yana son wasan kati a ɗakin canza kaya. Yana da wata al'ada ta kiran kusan kowa bos, wanda a Turanci ke nufin maigida ko oga, ba bos ɗin fim da muka sani ba. Ya sayi gona a Ellerbe da ke jihar North Carolina, yana kiwon shanu, domin a can mutanen gari sun saba da shi, ba mai bin sa da kallo. Yana da 'ya ɗaya mace.

Akwai kuma abin da bai kamata mu ɓoye ba. Andre ya yi ƙaurin suna wajen shan giya mai yawa. Wasu suna ba da labarin kamar abin burgewa. Waɗanda suka zauna da shi sun ce ciwon da yake fama da shi na cikin dalilan. Giyar ba ta warkar da bayansa ba, kuma ƙarin nauyi ce ga zuciyar da ta riga ta gaji.

Ranar da aka ɗaga ƙato

A ranar 31 ga Maris, 1985, aka yi WrestleMania ta farko a New York. Andre ya ɗaga Big John Studd ya buga da ƙasa, ya ci jakar Dala 15,000, ya fara watsa wa 'yan kallo kuɗin, sai Bobby Heenan, manajan Studd, ya fizge jakar ya gudu. A WrestleMania ta biyu a 1986 ya ci gasar mutum 20 da ake jefa juna waje ta saman igiya.

A wannan shekarar ya je Ingila ɗaukar fim ɗin The Princess Bride, wanda ya fito a 1987. Ya fito a matsayin Fezzik, ƙato mai taushin zuciya. A lokacin bayansa ya yi tsanani, har akwai wurin da ya kamata ya cafe jarumar fim ɗin a hannu, amma sai da aka rataye ta da igiyoyi don kada nauyinta ya sauka a kansa. Mutumin da ake nunawa yana wurgi da ƙarti ya kasa ɗaukar mace ɗaya.

Duk da haka Vince McMahon ƙarami yana buƙatarsa don babban wasa. Hulk Hogan ne zakara a lokacin, kuma ana so a nuna cewa babu kamarsa. A farkon 1987 aka mayar da Andre bos bayan shekara 14 yana jarumi a kamfanin. Ya fito a talabijin tare da Bobby Heenan, tsohon maƙiyinsa, ya ƙalubalanci Hogan, ya yaga masa riga. Aka yi ta shela cewa shekara 15 ba a taɓa kayar da shi ba, kuma ba a taɓa ɗaga shi ba. Wannan ma tsari ne. An taɓa cinsa a wasu wurare, kuma 'yan wasa irin su Harley Race da El Canek na Mekziko sun taɓa ɗaga shi. Shi kansa Hogan ya ɗaga shi a 1980. Amma babu intanet a lokacin, yawancin 'yan kallo ba su sani ba.

Aka haɗu ranar 29 ga Maris, 1987, a WrestleMania ta uku, a filin Silverdome da ke Pontiac a jihar Michigan. Kamfani ya sanar cewa mutum 93,173 suka shiga, ko da yake wasu masu bin diddigi sun ce adadin bai kai haka ba. Andre yana ɗan shekara 40, yana tafiya da ƙyar. Bayan kimanin minti 12, Hogan ya ɗaga shi ya buga da ƙasa, ya diro masa da ƙafa, alƙali ya ƙirga uku, fili ya kaure da ihu. Ku tuna abin da muka faɗa a baya, ba a ɗaga mutum sai da taimakonsa. Da Andre bai yarda ba, da wannan hoto da ake ta nunawa har yau bai samu ba. Ya miƙa bayansa mai ciwo aka buga da katako domin wani ya ɗaukaka.

Ƙarshen tafiya

Ranar 5 ga Fabrairu, 1988, a Indianapolis, aka sake haɗa su, mutum kimanin miliyan 33 suna kallo a talabijin. An tsara cewa attajirin bos Ted DiBiase ya sayi alƙalin wasa na bogi. Aka yi amfani da tagwaye na gaske, Dave da Earl Hebner. Na bogin ya ƙirga uku alhali Hogan ya ɗaga kafaɗa. Andre ya karɓi kambun zakara, nan take ya miƙa wa DiBiase, sai kamfani ya ce ba a sayar da kambu, aka ƙwace. Wannan ne karo ɗaya tak da ya riƙe babban kambun WWF, kuma bai yi minti biyu a hannunsa ba.

A ƙarshen 1989 ya ci kambun 'yan bibbiyu tare da Haku, wanda shi ke yin mafi yawan wasan saboda Andre ba ya iya daɗewa a tsaye. Sun rasa kambun a WrestleMania ta shida a Toronto a 1990. A ranar Heenan ya mare shi, shi kuma ya rama, 'yan kallo suka sake yi masa tafi. Bayan haka an riƙa ganinsa da sandunan dogarawa. Wasanninsa na ƙarshe a Japan ya yi su tare da Giant Baba, na ƙarshen a watan Disamba na 1992.

A watan Janairu na 1993 ya koma Faransa jana'izar mahaifinsa. Ya tsaya 'yan kwanaki tare da danginsa. A ƙarshen watan aka same shi ya rasu cikin barci a ɗakinsa na otal a Paris, zuciyarsa ta gaza. Shekararsa 46. Ya bar wasiyyar a ƙona gawarsa kamar yadda wasu Turawa ke yi, aka kai ta Amurka, aka watsa tokar a gonarsa ta Ellerbe. A wannan shekarar WWF ta buɗe zauren karrama gwarazanta, kuma shi kaɗai aka sa a karon farko. Tun daga 2014 akwai gasar da WWE ke yi da sunansa, kofin ma siffarsa ce.

Big Show da muka sani ya yi fama da irin wannan cuta, amma an yi masa aiki tun yana saurayi. Da ya fara wasa a kamfanin WCW a 1995 an gabatar da shi a matsayin ɗan Andre, alhali babu dangantaka a tsakaninsu. Great Khali na Indiya shi ma an cire masa irin wannan ƙari a 2012. Wannan ya nuna cewa cutar tana da magani idan an je asibiti.

Abin da muka ɗauka

Na farko, ga masu gwada resilin a bayan aji lokacin tara. Waɗanda muke kwaikwayo sun koyi faɗuwa, suna taimaka wa juna, suna da likitoci a kusa, kuma duk da haka suna karyewa. Mu a kan siminti da tsakuwa muke yi, kuma wanda muke ɗagawa bai shirya ba. Ƙashin baya ko wuya in ya taɓu, yana iya zaunar da mutum har ƙarshen rayuwarsa.

Na biyu, kusan kowane aji akwai wanda ake tsokana saboda tsawo ko gajarta ko ƙiba. Andre ya samu kuɗi da suna, amma kallon da ake bin sa da shi yana damunsa. Wanda muke yi wa dariya ba shi ya halicci kansa ba, kuma wataƙila akwai lalurar da ke damunsa. Idan girman yaro ko rashin girmansa ya fita daban, abin da ya dace shi ne a gaya wa iyaye ko malamai a kai shi a duba shi.

Na uku, mu ci gaba da jin daɗin kallonmu, amma mu san abin da muke kallo. In muka ga jarumi ya ɗaga hannu, mu tuna da wanda ke kwance a ƙasa, domin da yardarsa aka yi nasarar.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Wanda yake da sunan wani da yake so mu kawo tarihinsa, ya rubuta ya jefa a akwatin kulob ɗin 'yan jarida.